Malam Muhammadu Bakatsine, gwanin lissafi

A Maratta, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1754. Shekara 13 kafin haihuwarsa, wani babban malami na ƙasar Hausa ya rasu can nesa, a birnin Alƙahira na Misira. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu. Bafillace ne, mutumin Katsina. Saboda haka Larabawa suke ce masa Alkashnawi, wato Bakatsine.

A zamaninsa Katsina gari ne na fatake da malamai. Muhammadu ya yi karatun addini da Larabci. Cikin malamansa akwai Muhammadu Alwali, mutumin Bagirmi. Bai tsaya nan ba. Ya koyi ilimin taurari da lissafi mai zurfi.

Wajen shekarar 1730 ya kama hanyar Makka. A lokacin babu mota, babu jirgin sama. Sai ƙafa, da jaki, da raƙumi. Bayan ya sauke farali, ya zauna Alƙahira. A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimin lambobi.

Mene ne hatimin lambobi? Ku duba wannan:

4   9   2
3   5   7
8   1   6

Ku haɗa lambobin kowane jeri: a kwance, a tsaye, da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa. Kullum 15 za ku samu. Don me 15? Idan aka haɗa 1 har zuwa 9, ana samun 45. Jeri uku ne, kuma dole su zo daidai. In an raba 45 gida uku, kowane jeri ya sami 15.

Wannan ƙaramin hatimi an san shi tun da daɗewa a ƙasar Sin da ƙasashen Larabawa. Yaro ma yana iya samo shi in ya yi ta gwaji. To, amma hatimi mai jeri biyar yana da gida 25, kuma kowane jeri nasa 65 ne. Mai jeri bakwai yana da gida 49, kowane jeri 175. Nan gwaji ba ya fid da mutum, sai ya san ƙa'ida. Malam Muhammadu ya bayyana hanyoyin cika hatimi mai jeri uku, ko biyar, ko bakwai, har gaba. Ya kuma gargaɗi ɗalibai kada su karaya in aikin ya yi musu wuya.

Mutanen lokacin suna sa hatimi cikin laya. Masana lissafi na yanzu kuwa, ƙa'idar ce suke dubawa. A jami'a, kamar ta Abdu Mumuni a Yamai, manyan ɗalibai suna koyon lissafi iri biyu. Akwai na neman ƙa'ida da hujjarta. Akwai na aiki, kamar awon gona ko ginin gada. Aikin Malam Muhammadu a kan hatimi ya fi kusa da iri na farko.

Malam Muhammadu bai koma Katsina ba. Ya rasu a shekarar 1741, a gidan abokinsa Hasan Aljabarti, wani malamin taurari. Shi ya bar wa littattafansa. Ɗan Hasan, Abdurrahman, ya zama marubucin tarihin Misira, ya sa labarin Bakatsinen cikin littafinsa. 

Tambayoyi
1. A ina Malam Muhammadu ya rasu? A wace shekara?
2. Don me kowane jeri na ƙaramin hatimi yake ba da 15?
3. Wa ya rubuta labarinsa?

Aiki
Ku zana gida tara a allo. Ku sa 5 a tsakiya, ku sa 2 a kusurwar hagu ta sama. Ku cika sauran.