Philip Henry Gosse: Mutumin da Ya Shigo da Teku Cikin Ɗaki

An haifi Philip Henry Gosse a garin Worcester na ƙasar Ingila ranar 6 ga Afrilu, 1810, amma ya tashi a Poole, wani gari na bakin teku. Mahaifinsa mai zanen hotuna ne, ba mai wadata ba, saboda haka yaron bai yi zurfi a makaranta ba. Yana da shekara 17 ya tafi tsibirin Newfoundland aikin akawu. Daga nan ya gwada noma a Kanada bai dace ba, ya yi koyarwa a Amurka, sannan ya zauna a Jamaika yana nazarin tsuntsaye. Duk iliminsa na halittu da kansa ya neme shi.

A 1852 rashin lafiya ta sa ya tafi gaɓar tekun Devon, a kudu maso yammacin Ingila. A nan ya ci karo da abin da ya fito da sunansa. Duk wanda ya tashi a Jalingo ya san yadda kogi kan janye da rani, ya bar kududdufai da ƙananan kifaye a ciki. Teku ma haka yake yi, sai dai shi sau biyu a kowace rana, saboda jan da wata yake yi wa ruwa. Da zarar ruwa ya janye, sai Gosse ya bi ramukan duwatsu da guduma da kurfi da kwalabe. Yakan ɗebo ƙaguwa da jatan lande da dodon koɗi, da wata halitta mai launi wadda ido zai ɗauka fure ce, alhali dabba ce.

Kamawa ba wuya, rayar da su a gida shi ne aiki, domin ruwan kan lalace cikin 'yan kwanaki. Tun 1850 wani masanin sinadarai, Robert Warington, ya nuna cewa tsiron ruwa yana fitar da iskar oksijin idan ya sami haske, yana kuma shan iskar da dabbobi suka fitar. Gosse ya bi wannan hanya da ruwan gishiri. Yakan fasa ɓarin dutse tare da ciyawar da ta tsiro a kansa, ya sa a akwatin gilashi. Dabbobin suka rayu wata da watanni.

A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifaye, Gosse kuwa ya aika masa da halittu daga Weymouth. A 1854 ya fitar da littafinsa, The Aquarium, da hotuna masu launi na zanen hannunsa. Littafin ne ya yaɗa kalmar akwariyom. Har yadda ake haɗa ruwan teku da gishiri da sinadarai ya koyar, don amfanin waɗanda suke nesa da gaɓa.

Abin ya karɓu fiye da kima. Jirgin ƙasa ya riƙa kawo jama'a gaɓar teku, kowa da bokitinsa, 'yan kasuwa kuma suka shiga kwasa suna sayarwa a Landan. Gosse mutum ne mai tsananin riƙo da addinin Kirista, burinsa mutane su kalli halitta su girmama Mahalicci, amma da yawa kayan ado kawai suka gani.

Ya rasu ranar 23 ga Agusta, 1888, a St Marychurch kusa da Torquay. A 1907 ɗansa Edmund, wanda ya sha raka shi gaɓa yana yaro, ya rubuta cewa masu kwasa sun wawushe ramukan nan har sun zama kango.