Longfellow: Ɗalibin da harsunan waje suka raba da aikin lauya

A ƙarshen shekarar 1824, wani ɗalibi ɗan shekara 17 a Kwalejin Bowdoin da ke jihar Maine a Amurka ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa cewa ba shi da wani buri da ya wuce zama marubuci.

Mahaifin, wanda lauya ne kuma ɗan majalisar wakilai, bai yi na'am ba. A ganinsa, Amurka ta wancan zamani ba ta kai ta ciyar da mutumin da rubutu ne kaɗai sana'arsa ba, don haka gara yaron ya karanci shari'a.

Wannan ɗalibi shi ne Henry Wadsworth Longfellow, wanda aka haifa ranar 27 ga Fabrairun 1807 a garin Portland. Yana ɗan shekara 13 wata jaridar garin ta buga rubutacciyar waƙarsa ta farko.

Zaman kwaleji

Bowdoin ƙaramar kwaleji ce, irin wadda ba ta ɗora ɗalibi a kan sana'a guda, sai dai ta koya masa Latin da Girkanci da lissafi da falsafa. A lokacin babu wani darasi na koyon rubutun ƙirƙira, don haka a ƙungiyar adabi ta ɗalibai da ɗakin karatunta ya goge. Kafin ya gama a 1825, an buga masa waƙoƙi kusan 40. Ajinsu ɗaya da Nathaniel Hawthorne, wanda shi ma ya zama fitaccen marubuci.

Kwalejin ce ta raba gardamar uba da ɗa. Ta yanke shawarar fara koyar da harsunan Turai na zamani, ta kuma yi masa tayin aikin, da sharaɗin ya fara zuwa can ya koyo su. Da uban ya ga aiki mai albashi, sai ya amince, har ya ɗauki nauyin tafiyar.

Daga 1826 zuwa 1829 ya zauna a Faransa da Sifaniya da Italiya da Jamus, yana koyon harsunan daga bakin masu su. Da ya dawo ya tarar babu isassun littattafan koyarwa, sai ya shirya wa ɗalibansa na Faransanci da Sifaniyanci da Italiyanci da kansa.

Rashi biyu

Jami'ar Harvard ta yi masa tayin irin wannan aiki, sai ya sake komawa Turai don ƙaro ilimi. A wannan tafiya ce matarsa Mary ta rasu a birnin Rotterdam a 1835, bayan ta yi ɓari.

Ya soma koyarwa a Harvard a 1836, yana rubutu a gefe. A 1842 ya fitar da waƙoƙin sukar bauta, sannan Evangeline a 1847. Mahaifinsa ya rasu a 1849, bayan sunan ɗan ya riga ya karaɗe ƙasar. A 1854 ya ajiye koyarwa ya dogara da alƙalaminsa, abin da aka ce masa ba ya yiwuwa.

A watan Yulin 1861 rigar matarsa ta biyu, Frances, ta kama da wuta a gida. Ya ƙone a fuska da hannu wajen ƙoƙarin ceto ta, amma washegari ta cika. Ƙunar ta hana shi aski, abin da ya sa ya tara gemun da aka san shi da shi.

Bayan wannan rashi, Italiyancin da ya koya yana saurayi ya zame masa mafaka. Ya duƙufa kan fassara Divina Commedia, babban littafin waƙe na Dante, abokansa na zuwa gidansa duk ranar Laraba ana bin fassarar baiti-baiti. An buga ta a 1867, shi ne kuma Ba'amurke na farko da ya kammala wannan aiki.

Ya rasu ranar 24 ga Maris ɗin 1882 yana da shekara 75. Bayan shekara biyu aka kafa mutum-mutuminsa a sashen mawaƙa na Majami'ar Westminster da ke Landan, karramawar da ba a taɓa yi wa wani mawaƙin Amurka ba kafin shi.