Anna Magdalena, Matar Bak Makaɗin Ekklesiya

A ƙasarmu kowa ya san makaɗin fada ba ya tsayawa shi kaɗai. Yana da ubangida mai ba shi doki da riga, kamar yadda Narambaɗa ya zauna ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa. Yana da 'yan amshi a bayansa. A gida kuma akwai wadda ta ke riƙe da shi, ita kuwa ba a cika jin sunanta ba. Labarin ɗaya daga cikin irin waɗannan mata za mu ba ku a wannan wata, ko da ya ke ƙasarta tana da nisa ƙwarai da mu nan Liba.

An haifi Anna Magdalena a garin Zaits cikin ƙasar Jamus, ran 22 ga Satumba, 1701. Ubanta mabushin ƙaho ne a fada, watau ta gāji kiɗa. Tana da murya mai zaƙi, aka kuwa koya mata waƙa sosai. Tana da shekara 20 ta zama mawaƙiyar fada a Koten, wurin Yarima Leopold, da albashinta na kanta. Shugaban makaɗan wannan fada shi ne Yohanna Sebastiyan Bak, wanda har yau a ke lissafta shi cikin manyan masu tsara kiɗa na duniya. Matarsa ta fari, Mariya Barbara, ta rasu a cikin 1720 sa'ad da ya yi tafiya tare da Yarima. Ya komo ya tarar har an binne ta.

Ran 3 ga Disamba, 1721, aka ɗaura musu aure. Shi yana da shekara 36. Amarya ta shiga ɗaki ta tarar da marayu huɗu, babbarsu kuwa shekara bakwai kaɗai ta ba ta. Mata masu karatu sun fi mu sanin nauyin riƙon 'ya'yan miji. Bak ya shirya mata littattafan kiɗa guda biyu, ɗaya a 1722, ɗaya a 1725, har yanzu yara masu koyon kiɗa a ƙasashe da yawa da su su ke farawa.

A cikin 1723 Bak ya bar fada, ya karɓi aikin shugaban mawaƙa a majami'ar Toma ta birnin Laifzig. A nan fa Anna ta yi hasara babba. Gama a Laifzig ba a yarda mace ta yi waƙa gaban jama'a cikin sujada ba, yara maza na makaranta su ne su ke rera muryar sama. Wadda sarakai su ke saurara jiya, yau ba ta da wurin waƙa sai ɗakinta, albashi kuma ya yanke. Ta kan koma Koten jifa jifa tare da mijinta, har ta yi waƙa wurin jana'izar Yarima Leopold a 1729. Mu kan tuna da wannan sa'ad da mu ka ji zumuntar mata sun ɗauki waƙa ran Lahadi, har majami'a ta cika da murya. Dattawan Laifzig sun hana kansu abu mai daɗi.

Da aka rufe mata bakin waƙa, sai ta ɗauki alƙalami. A shekarunsa na fari a Laifzig, Bak ya kan tsara sabon kiɗa domin kusan kowace Lahadi. A zamanin nan ba injin da za a sa takarda ya fitar da ashirin. Kowane mawaƙi da kowane makaɗi sai an rubuta masa tasa takarda da hannu, da gashin tsuntsu da tawada, kafin ranar sujada. Almajiran Bak su ne su ka ɗauki yawancin aikin, amma in lokaci ya ƙure sai dukan gida su zauna, har da uwargida. Ta juya manyan ayyukansa da yawa, hannunta kuwa ya yi kama da nasa har waɗansu masana na baya su ka ɗauka rubutunsa ne. Akwai kiɗa guda shida da ya tsara domin babban goge. Takardun da ya rubuta da hannunsa sun ɓace, nata sun tsira, su ne kuwa makaɗa su ka fi dogara gare su har yau. Waɗansu sun taɓa cewa ita ce ma ta tsara su, amma yawancin masana ba su yarda ba, mu kuma ba mu ga tana bukatar a ara mata abin da ba nata ba.

Duk wannan aiki da goyo a baya ta yi shi. Tsakanin 1723 da 1742 ta haifi 'ya'ya 13. Bakwai sun mutu cikin shekara bakwai, daga 1726 zuwa 1733, babu ko ɗaya da ya cika shekara biyar. Cikin shida da su ka rayu, babban ɗanta Gotfirid ya tashi da raunin hankali, sai ana lura da shi dukan kwanakinsa. Ga baƙi, ga almajirai masu kwana a gidan. Wasiƙun wani ɗan'uwan Bak da ya zauna tare da su sun nuna abin da ya ke faranta mata rai: furanni, da tsuntsu mai waƙa.

Bak ya makance a ƙarshen ransa. Wani likitan ido daga Ingila ya yi masa aiki sau biyu, bai yi kyau ba, ya rasu ran 28 ga Yuli, 1750, bai bar wasiyya ba. Aka raba gādo, ita ta sami sulusi, sauran aka raba wa 'ya'ya tara. Gidan da su ka zauna shekara 27 kuwa na makarantar majami'a ne, sabon shugaban mawaƙa yana jira. Ta roƙi majalisar gari a bar mata albashin wata shida kamar yadda a kan yi wa gwauraye. Aka ba ta, ita kuma ta miƙa wa makaranta takardun waƙoƙin sujada 44 na mijinta. Saboda wannan ne su ke nan a Laifzig har yanzu. A farkon 1751 ta kwashe kayanta ta koma haya da 'yan matanta biyu ƙanana.

'Yan'uwa, wannan wuri ya kamata dattawan ekklesiya su karanta sau biyu. Fastoci da masu bishara da yawa a cikinmu gidan ekklesiya su ke zaune. Ran da maigida ya kwanta dama, kafin a gama karɓar gaisuwa an fara maganar wanda za a aiko. Mun taɓa ganin matar wani mai bishara, wadda ta yi shekaru tana share majami'a tana dafa wa baƙin taro, an ɗora kayanta a mota zuwa garin iyayenta, hatsin da ta shuka a gonar ekklesiya bai ko nuna ba. Ko wata shida na Laifzig ba ta samu ba.

Anna ta yi shekara tara da 'yan watanni tana gwauruwa, ba ta sake aure ba. Ta kan sayar da littattafan kiɗa, majalisar gari kuma tana ba ta taimako. An daɗe ana zargin 'ya'yan mijinta cewa sun yashe ta. Amma sai mu yi adalci: Karl Filibus, wanda ya ke aiki a fadar Sarki Firedirik a Balin, ya ɗauki ƙaninsa Yohanna Kirista, ɗan Anna, ya riƙe shi ya koya masa kiɗa. A 1756 kuma yaƙi ya tashi, sojan wannan sarki su ka mamaye Laifzig, abinci ya yi tsada, kuɗi ya lalace.

Ta rasu ran 27 ga Fabrairu, 1760, tana da shekara 58. A littafin matattu na gari an rubuta ta cikin masu karɓar sadaka. Aka binne ta a makabartar majami'ar Yohanna, inda aka sa mijinta. A 1894 aka tono ƙasusuwan da a ke zaton na Bak ne, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka kai su cikin majami'ar Toma, inda baƙi su ke zuwa daga ko'ina su ajiye furanni. Kabarin Anna ba a sa masa alama ba.