Labarin Amiru Abdulƙadiri ɗan Muhyiddini da kabilun Aljaza'ir

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku almuridai na Dangamaji, na rubuta muku labarin bawan Allah nan don namu ne a ɗariƙa. An haife shi 1808 kusa da Mu'askar, ƙasar Aljaza'ir. Ubansa shehin Ƙadiriyya ne, yak kai shi hajji, sunka ziyarci Shehu Abdulƙadiri Jilani a Bagadaza. Faransa sunka ci birnin Aljaza'ir 1830. A 1832 kabilun yamma sunka yi mashi mubaya'a gindin itace, shina ɗan shekara 24.

Ku sani ba da bindiga kaɗai Nasara sunka ci shi ba, ta cikin kabilu sunka biyo. Akwai Dawa'ir da Zumala, dakarun Turkawa ne a da, masu karɓar haraji, girman kai ya hana su bin ɗan malami. A 1835 Janar Tirezel yas sa su ƙarƙashin tutarsa, alhali da sulhu tsakani. Amiru yak karya shi a Maƙta. Anka sake sulhu a Tafna 1837, shekarar da Sarkin Musulmi Bello yar rasu a Wurno. A 1838 Amiru yak kewaye Ainu Madi, garin ɗiyan Shehu Tijjani, don sun ƙi mubaya'a. Ban ɓoye wannan ba, ko da raina ba ya son sa.

Sulhu yaw warware 1839. Daga 1841 Janar Bijo yac canza dabara. Kabilar da ta bi Amiru, a ƙone hatsinta, a tone rumbunanta na ƙasa, a kore bisashenta. Wadda ta yi caffa, a naɗa mata shugaba, a yafa mashi alkyabba. A 1845 Auladu Riyah sunka ɓuya cikin kogon Dahra, anka hura wuta bakin kogon, hayaƙi yak kashe ɗaruruwa, har mata da ƙanana. Ni ban iya zargin wanda yay yi caffa bayan wannan.

Ƙarshen 1847 yam miƙa takobinsa bisa alkawarin kai shi Iskandariyya ko Akka. Sunka saɓa, sunka tsare shi Faransa har 1852. Yaz zauna Dimashƙa shina karantarwa. A fitinar 1860 yab buɗe gidansa ga Kiristocin garin, yat tsare rayukansu. Yar rasu 1883, anka binne shi kusa da Shehu Ibnul Arabi. A 1966 anka mai da shi Aljaza'ir.

Allah shi jiƙansa. Tammat.