Jahizu, Malamin Dabbobi na Basra

Da yawa daga cikinmu in aka zo darasin halittu sai su ɗauka Turawa ne suka fara wannan ilmi. To, ga labarin wani malami wanda ya riga su da ƙarni da yawa.

Sunansa Amru ɗan Baharu, ana yi masa alkunya da Abu Usmanu. An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 776. Laƙabin nan Jahizu saboda idanunsa ne, don sun fito waje ƙulu-ƙulu. Talaka ne, har an ce yana yaro burodi da kifi yake sayarwa a bakin ruwa. Amma kwaɗayin karatu ya hana shi sakat. Yakan yi hayar rumfunan masu sayar da littattafai ya kwana ciki yana karatu. Da rana kuwa sai ya tafi kasuwar Mirbad, inda Larabawan daji ke sauka da raƙumansu, ya saurari harshensu da abin da suka sani na dabbobi.

Daga baya ya koma Bagadaza, Halifa Mamun ya yabi rubutunsa. Halifa Mutawakkil ma ya kira shi don ya koyar da 'ya'yansa, amma da ya dubi fuskarsa sai ya ba shi kyauta ya sallame shi.

Babban aikinsa shi ne Kitabul Hayawan, juzu'i 7, wanda ya sadaukar ga Waziri Ibn Zayyat, aka ba shi dinari 5,000. Ya kasa dabbobi kashi 4: masu tafiya, masu tashi, masu iyo, da masu jan ciki. Sa'an nan ya ja kunnen mai karatu cewa ba kowane mai tashi ne tsuntsu ba. Wannan kashi bai kai wanda muke koya yanzu ba, gama mu ƙashin baya da shayarwa muke dubawa. Littafin kuma ba shi da tsari, yakan bar kare da zakara suna gardamar fifiko ya shiga waƙoƙi da barkwanci, wai don kada mai karatu ya gaji.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya haɗiye labari sai ya tauna. Ya karanta littafin Aristotal na Yunanawa, ya karɓi wani abu, ya ƙi wani. Da ya ga zancen maciji mai kai 2, sai ya tambayi wani Balaraben daji. Mutumin ya ce akwai shi. Jahizu ya tambaye shi da wane baki yake ci, ya amsa wai da ɗaya yake kalaci, da ɗaya yake jibi. Nan take ya sa shi cikin manyan maƙaryata. Tururuwa kuwa ya lura da ita ƙwarai, ya bayyana yadda take fasa ƙwayar hatsi don kada ta tsiro a rami, da yadda take fid da ita shanya in ta yi laima.

Da tsufa ya kama shi sai ɓarin jikinsa ya shanye, ya koma Basra. A can ya rasu cikin watan Muharram na shekara ta 255 bayan Hijira, yana da shekara fiye da 90. Ana ba da labari wai tarin littattafansa ne ya rushe masa.