Malcolm X: Aikin Hajjin da ya raba shi da tatsuniyar Yakub

Ranar 21 ga Fabrairun 1965 aka harbe Malcolm X a wani zauren taro na birnin New York, a gaban matarsa Betty da ƴaƴansa. Shekarunsa 39, kuma bai cika shekara guda da dawowa daga Makka ba.

An haife shi a 1925 a garin Omaha na Amurka da sunan Malcolm Little. Mahaifinsa mai wa'azin Kirista ne, mai kishin baƙar fata. An ƙone gidansu yana ɗan shekara huɗu. Yana da shida aka tsinci gawar uban a kan layin jirgin cikin gari, iyalin kuma suka yi zargin Turawa masu wariya ne suka kashe shi. Daga baya aka kai uwar asibitin masu taɓin hankali, yara suka watse. Malcolm ya faɗa caca da ƙwaya da fasa gidaje, har aka kai shi gidan kaso a 1946.

A can ne ƴan uwansa suka kawo masa labarin ƙungiyar Nation of Islam, wadda wani Wallace Fard ya kafa a Detroit a 1930, Elijah Muhammad ya gaje shi. Sunan na Musulunci ne, amma aƙidar daban. Suna ɗaukar Fard a matsayin Allah da ya bayyana cikin siffar mutum, Elijah kuma manzonsa. Game da asalin ɗan Adam, sun koyar cewa mutanen farko duk baƙaƙe ne, sai wani masani mai ƙaton kai, wai shi Yakub, da aka kora daga Makka kimanin shekaru 6,600 da suka wuce. Ya tafi tsibirin Patmos da mabiya 59,999, aka riƙa haɗa masu hasken fata aure ana kawar da baƙaƙen jarirai, ɗaruruwan shekaru, har aka samu Bature. Saboda haka, a wurinsu, farar fata shaiɗan ne tun daga halitta, an ba shi mulkin shekaru 6,000.

Mai karatu a Maradi ko Damagaram zai ce wannan ai gatanan gatananku ce. Gaskiya ne. Amma a tuna da wanda aka ba wa labarin: mutumin da aka ƙone gidansu, jikan bayi a ƙasar da wasu limaman coci suka daɗe suna cewa baƙar fata la'anannen jinsi ne daga tsatson Ham ɗan Annabi Nuhu. Tatsuniyar Yakub juya waccan ƙarya ce kawai, kai ya koma ƙafa. Malcolm ya karɓe ta hannu bibbiyu. Da ya fito a 1952 ya yar da sunan Little, sunan masu bayi, ya sa X, ya shekara goma sha biyu yana yaɗa koyarwar da fasahar baki irin wadda ƙungiyar ba ta taɓa samu ba.

Ɗalibai Musulmi daga ƙasashen Larabawa da Afirka sukan tare shi bayan lacca su faɗa masa cewa wannan ba Musulunci ba ne. Alƙur'ani a Suratul Hujurat ya mayar da mutane duka ga namiji ɗaya da mace ɗaya, ya ɗora fifiko a kan tsoron Allah, kuma huɗubar bankwana ta soke fifikon Balarabe ko na launi. Bai saurara sosai ba sai da ya gano Elijah ya haihu da wasu sakatarorinsa ba aure. A Maris 1964 ya bar ƙungiyar.

A Afrilu ya tafi Hajji da kuɗin da yayarsa Ella ta ranta masa. A Jidda aka tsare shi sai an tabbatar Musulmi ne, shi da ko zaman tahiya yana ba shi wuya. Bayan an sake shi ya zama baƙon Yarima Faisal. Abin da ya girgiza shi ƙaramin abu ne a wurin duk alhajin da ya je: cin abinci a akushi ɗaya da kwana a tabarma ɗaya da mutane masu shuɗin ido da jan gashi, babu mai ƙyamar sa. Idan waɗannan shaiɗanu ne tun halitta, ina shaiɗancin? Ya rubuto wasiƙa gida yana janye hukuncin da ya yanke wa dukan farar fata. Ya ɗan yi wa ƙasashen Musulmi kyakkyawan zato fiye da kima, don Saudiyya kanta sai a 1962 ta haramta bauta.

Bai sassauta wa wariyar Amurka ba ko kaɗan. Ya dai koma auna Bature da aikinsa. Ya ɗauki sunan Alhaji Malik El-Shabazz, ya bi ta Najeriya, inda ɗalibai Musulmi a Ibadan suka raɗa masa Omowale, wato ɗa ya dawo gida, ya gana da Nkrumah a Ghana. Kwanaki goma sha biyu kafin mutuwarsa Faransa ta hana shi shiga ƙasarta.

An ɗaure mutum uku ƴan tsohuwar ƙungiyarsa kan kisan, amma a 2021 kotu ta wanke biyu daga cikinsu. Da Elijah ya rasu a 1975, ɗansa Warith Deen ya soke koyarwar Yakub, ya ja akasarin mabiya zuwa Sunna. Louis Farrakhan ya ɓalle ya farfaɗo da tsohuwar ƙungiyar da tsohuwar koyarwarta.