Major Taylor (1878-1932): Gwarzon Tseren Keke

An haifi Marshall Walter Taylor a birnin Indiyanafolis na ƙasar Amurka ran 26 ga Nuwamba, 1878. Mahaifinsa baƙar fata ne, yana tuƙa wa wani attajiri farar fata keken doki, kuma a wannan gida ne yaron ya sami kekensa na farko. Laƙabin Major, wato Manjo, ya samo asali ne daga kakin soja da yakan sa idan yana wasa da keke a ƙofar wani shago.

A shekarar 1896 ya ɗauki tseren keke a matsayin sana'a, a zamanin da wariyar launin fata ta yi katutu. Wasu filaye sun hana shi shiga, abokan karawarsa kuwa sukan haɗa baki su tare masa hanya. A 1897 ma wani daga cikinsu ya shaƙe shi har ya suma. Duk da haka, a 1899 ya zama zakaran duniya a tseren mil ɗaya a birnin Montiriyal na Kanada. Daga 1901 ya yi tashe a Turai, musamman Faransa. Saboda riƙon addininsa na Kirista, ya yi shekaru yana ƙin tsere ranar Lahadi, ko da za a biya shi kuɗi mai tsoka.

Ya yi ritaya a 1910, daga bisani dukiyarsa ta karye. Ya mutu cikin talauci a Shikago ran 21 ga Yuni, 1932, aka binne shi a kabari marar alama. Sai a 1948 tsofaffin 'yan tsere suka sake masa kabari cikin girmamawa.